Gadon da Ba a So: Cututtukan da Jariri Ke Ɗauka Daga Uwa

A ƙasar Hausa, idan aka ji ana kiran mutum Ajuji, ko Ayashe, ko Barmani, ba sai an tambayi tarihin gidansu ba. Sunan kaɗai ya isa ya faɗa cewa uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi ya tsaya. Wabi ake ce wa wannan jarrabawa, kuma kowace unguwa tana da matar da aka sani da ita: ciki ya shiga ya zube, wani ya kai wata tara a haifi ɗa babu rai, wani ya zo da rai amma kafin a gama wankan jego ya koma. Dangi su yi ta neman dalili. Wasu su ce iska ce, wasu su ce maita, wasu su ɗora wa kishiya. A sha rubutu, a yi turare, a sauya ɗaki.

Likitocin mata sun san cewa dalilan wabi suna da yawa. Akwai sikila, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai hawan jini mai kawo jijjiga, akwai rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. Amma a cikin jerin akwai guda ɗaya da ba kasafai ake ambatonsa a tsakar gida ba, alhali shi ne ya fi sauƙin ganewa, ya fi arhar magani. Shi ne tunjere.

Tunjere yana cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda kuma ke iya tsallakawa daga uwa zuwa jariri. Sauran manyan su ne ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da ciwon sanyi na gonoriya, da kilamidiya, da hapis mai fesowa da ƙuraje a al'aura. Hanyoyin da suke bi uku ne. Wata ta ratsa mabiyiya ta iske ɗan tayi yana kwance a mahaifa, wata ta jira shi a hanyar fitowa ranar naƙuda, wata ta biyo shi ta nono. Abin da ya haɗa su duka, wanda kuma shi ne asalin haɗarin, shi ne uwa tana iya ɗauke da su shekara da shekaru ba ta ji ko ciwon kai ba.

Tunjere, wanda aka manta da shi

Farkon kamuwa, ɗan gyambo ne yake fitowa a inda ƙwayar ta shiga. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, kuma a jikin mace sau da yawa yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Bayan 'yan makonni ya warke da kansa. Daga baya wasu ƙuraje su fito a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su baje ba tare da magani ba. Sai mai cutar ya ɗauka an rabu, alhali ƙwayar tana nan cikin jini. Idan ciki ya shiga a wannan hali, ƙwayar tana iya isa ga ɗan tayi a kowane wata, kuma fiye da rabin matan da ba a yi wa magani ba cikinsu ba ya ƙarewa lafiya.

Tun ƙarni na 19 likitocin yara suka lura da wani tsari da cutar ke bi a gidan da ta shiga. Cikin farko bayan kamuwa ya kan zube ko a haifi gawa. Na gaba a haifi bakwaini ko jariri marar lafiya da ba ya daɗewa. Yayin da shekaru ke tafiya ƙarfin cutar a jinin uwa yana raguwa, sai a zo a sami wanda ya rayu. Duk wanda ya san labarin mai wabi zai ga kamannin nan.

Jaririn da ya zo da rai ma ba lallai a ga komai a jikinsa ranar haihuwa ba. Alamun su kan bayyana cikin makonnin farko: majina mai yawa da ke toshe hanci har ya kasa kama nono, fatar tafin hannu da ta ƙafa tana saɓulewa, ciki ya kumbura saboda hanta da saifa sun girma, jini ya yi ƙasa, shawara ta kama shi, ko a ga ya ƙi motsa hannu ɗaya saboda ƙashin yana masa ciwo. Wanda ya tsallake wannan ba tare da magani ba, cutar tana jiran sa a gaba. Likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya bayyana alamomi uku da har yau ake kira da sunansa: haƙoran gaba masu giɓi a tsakiya, da hazo a baƙin ido, da kurumta.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2016 ya nuna an sami jarirai kusan 661,000 da tunjere ya shafa tun suna ciki, kuma fiye da 200,000 daga cikinsu an haife su babu rai ko sun mutu suna jarirai. Idan aka cire zazzaɓin cizon sauro, babu wata cuta mai yaɗuwa da ta kai shi jawo haihuwar gawa a duniya. A garin Mwanza na Tanzaniya, wani bincike da aka wallafa a 2002 ya gano cewa a cikin matan da ba a gwada su ba lokacin da suke da ciki, kusan rabin haihuwar gawa tunjere ne sanadinta. Binciken ya kuma nuna cewa matan da aka gano da wuri aka yi musu allura guda ɗaya sun haihu lafiya kamar waɗanda ba su taɓa kamuwa ba.

Allura guda ɗaya. Fenisilin ce, nau'in benzatin, wadda ke daɗewa a jiki tana aiki. Tun 1943 aka fara warkar da tunjere da fenisilin, kuma har yau ƙwayar ba ta koyi bijire mata ba. Sharaɗin kawai shi ne a yi ta da wuri, aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, kuma mafi alheri tun a watannin farko. Idan ba a san tsawon lokacin da cutar ta yi a jikin uwa ba, a kan yi mata allura uku, mako-mako, don ita ma ta rabu da ita gaba ɗaya. Jaririn da aka haifa da cutar kuwa sai an kwantar da shi an yi masa allura ta kwana goma.

To me ya sa har yanzu ake binne jarirai saboda ita? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda kuɗin agaji ya tafi. Da ƙanjamau ya mamaye duniya, kuɗi da kayan gwaji da horon ma'aikata duk sun karkata gare shi, tunjere ya koma gefe. A 2004 wasu masana suka koka a mujallar Lancet cewa ana kuɓutar da jarirai daga ƙanjamau, tunjere yana kashe su, a asibiti ɗaya, a hannun ma'aikata ɗaya. Ita kanta allurar arharta ta zame mata matsala, domin kamfanoni kaɗan ne ke sha'awar yin ta. Tsakanin 2014 da 2016 ƙasashe 39 suka ba da rahoton ƙarancinta. Kuma wannan ba ciwon talakawan ƙasashe kaɗai ba ne. A Amurka an sami jarirai fiye da 3,700 da aka haifa da tunjere a 2022, ninki goma na abin da aka gani a 2012, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce kusan tara cikin goma da an gwada uwayen an yi musu magani a kan kari da ba su faru ba.

Akwai abin farin ciki a nan. Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji guda ɗaya da ke duba ƙanjamau da tunjere a lokaci ɗaya, da ɗigon jini daga ɗan yatsa, sakamako ya fito cikin minti ashirin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara awo da shi, a 2021 kuma aka cimma yarjejeniyar da ta sauko da farashinsa ƙasa da dala ɗaya. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓe shi.

Ƙanjamau: inda aka ga abin da magani zai iya

Idan ba a ɗauki wani mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 da uwayensu ke ɗauke da ƙanjamau za su kamu, wasu a ciki, mafi yawa a lokacin naƙuda, sauran ta nono. Jariri kuma ba ya jure cutar kamar babba. Rabin waɗanda suka kamu ba sa kai shekara biyu idan ba a sa su a kan magani ba.

Tarihin yadda aka rage wannan adadi yana da daɗin ji. A 1994 wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna maganin AZT ya sauko da yaɗuwar daga kusan kashi 25 zuwa kusan kashi 8 cikin 100. Sai dai tsarin yana da tsada da wuyar bi. A 1999, a asibitin Mulago da ke Kampala, aka nuna cewa ƙwayar nebirafin guda ɗaya ga uwa lokacin naƙuda, da ɗan ruwan maganin ga jariri, suna rage haɗarin da kusan rabi. Sannan Malawi, ƙasar da ba ta da isassun na'urorin auna ƙarfin garkuwar jiki, ta fara aiki a 2011 da tsarin cewa duk mai cikin da aka samu da cutar a sa ta a kan cikakken magani nan take, ta ci gaba da sha har ƙarshen rayuwa. Abin da talauci ya tilasta wa Malawi shi ne daga baya duniya ta ɗauka. A yau macen da ke shan maganinta kullum har ƙwayar cutar ta yi ƙasa sosai a jininta, haɗarin jaririnta ya sauka ƙasa da kashi 5, a wurare da dama ma bai kai kashi 2 ba.

Kyuba ce ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa, a watan Yunin 2015. Tailan ta biyo baya a 2016. Wadda ta fi ba da mamaki ita ce Botswana, ƙasar da a wani lokaci fiye da mace ɗaya cikin uku masu zuwa awo ke ɗauke da cutar. A Disambar 2021 ta zama ta farko cikin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu da aka ba shaidar ta kama hanyar kawar da ita a tsakanin jarirai.

Najeriya ta fara nata shirin a 2002 a wasu manyan asibitocin koyarwa, ciki har da na Zariya da na Maiduguri. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, adadin da bai kai na kudancin Afirka ko kusa ba. Duk da haka Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan jariran da ke kamuwa. Dalilin ba rashin magani ba ne, domin kyauta ake ba da shi. Matan ne ba sa isa inda maganin yake.

Alƙaluman binciken lafiyar iyali na 2018 sun fayyace haka. Kashi 67 cikin 100 na masu ciki ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya ko da sau ɗaya, kuma ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka fara awo a watanni ukun farko. Kashi 39 ne suka haihu a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16 kacal. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da ke bayan waɗannan lambobi. Kunyar cikin fari tana sa yarinya ta ɓoye har sai ya fito fili. Wata tana jiran izinin maigida, wata kuɗin mota, wata kuma tana ganin awo na mai laulayi ne, ita da take cin abincinta lafiya me za ta je yi. Wasu sai a wata na bakwai ko na takwas suke zuwa yankar kati, don kada a yi musu faɗa ranar haihuwa idan abu ya rikice. A lokacin mai yiwuwa tunjere ya riga ya yi ɓarnarsa.

Batun shayarwa yana bukatar a tsaya a kansa, don a nan ne ake yawan rikicewa. Shawarar masana a ƙasashe irin namu ita ce uwa mai shan magani ta shayar da nono zalla wata shida, ta ci gaba da shayarwa tare da abinci har aƙalla shekara ɗaya. Zalla na nufin babu ruwa, babu koko, babu jiƙo. Gauraya nono da wasu abubuwa a watannin farko tana ƙara haɗarin, domin hanjin jariri bai yi ƙwari ba. Wannan yana da wuya a gidan da kaka ke ganin hana jariri ruwa a zafin bazara mugunta ce, kuma uwar ba ta da bakin faɗa mata dalili. Shi jaririn ana ba shi ruwan magani na makonni shida, a gwada jininsa a mako na shida, a sake tabbatarwa bayan yaye.

Awa ashirin da huɗu na farko

Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau yawa a Najeriya nesa ba kusa ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ɗin nan da ya auna yawan masu ƙanjamau ya same shi a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa yana kore cutar, ƙasa da kashi 5 ne take zame musu ta dindindin. Jaririn da ya ɗauka ranar haihuwa kuwa, tara cikin goma za su rayu da ita, kuma ita ce ke iya komawa ƙanƙancewar hanta ko kansar hanta a lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana ɗan shekara talatin ko arba'in.

Rigakafinsa yana cikin alluran yara na Najeriya tun 2004, kuma kyauta ne. Amma allurar farko tana da lokaci: cikin awa 24 da haihuwa. A nan al'ada da magani suka yi karo. Wadda ta haihu a gida ba ta fita sai bayan suna, wata sai ta yi arba'in. Ko an kai jaririn daga baya allurar za ta kare shi daga kamuwa nan gaba, amma ƙwayar da ya ɗauka daga jinin uwa ranar haihuwa ta riga ta kama wuri. Babu abin da zai hana uba ko gwaggo su ɗauki jariri su kai shi asibitin unguwa a ranar, mai jego tana ɗakinta. Uwar da gwaji ya nuna ƙwayar ta yi yawa a jininta kuma ana ba ta maganin tenofobir a watannin ƙarshe na ciki. Nono ba ya yaɗa wannan cuta, don haka babu dalilin hana shayarwa.

Wajibi ne a faɗi wani abu a nan saboda zargi. Mafi yawan masu ciwon hanta a Afirka tun suna yara suka ɗauka, daga uwa, ko daga 'yan'uwa, ko ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire belu. Samun sa a jinin matar aure ba shaidar komai ba ne game da mutuncinta.

Idon da ke ruwa

Jaririn da ya ratso ta hanyar da ke da gonoriya, cikin kwana biyu zuwa biyar idanunsa za su kumbura, su riƙa zubar da mugunya mai kauri. Wannan ba ciwon ido ne na a ɗiga nono ko a sa tozali a jira ba. Ƙwayar tana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki, yaro ya makance har abada. A Turai ta ƙarni na 19 wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ke cika makarantun makafi, har sai da likitan haihuwa Carl Credé na birnin Leipzig a Jamus ya fara ɗiga wa kowane jariri wani ruwan magani mai sinadarin azurfa a ido da zarar an haife shi. Sakamakon da ya wallafa a 1881 ya nuna ciwon ya faɗo daga kusan jariri ɗaya cikin goma zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Yau man ido na tetarasaikilin ake shafawa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma wanda aka haifa a ɗaki ba ya samu. Kilamidiya ita ma tana kama ido, sai dai ta kan jinkirta zuwa mako ɗaya ko biyu, wani lokaci kuma ta sauka a huhu bayan wata ɗaya zuwa uku.

Hapis bai kai sauran yawa a jarirai ba, amma idan ya kama yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi girma ga wadda ta kamu karon farko dab da haihuwa. Idan akwai ƙuraje a gaba ranar naƙuda, likita ya kan zaɓi a yi aiki a ciro jaririn.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake tara komai a ƙarƙashin sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, fitar ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, kuma duk a ɗora wa bayan gida. Sai a nufi kemis a haɗo ƙwayoyi, ko a sayi jarkar maganin gargajiya daga mai lasifika a kasuwa. Wasu daga cikin abubuwan da ake kira sanyi ba ta saduwa ake ɗaukar su ba sam, wasu kuwa ta nan ne kaɗai, kuma gwaji ne ke rarrabewa. Shan ƙwayoyi barkatai shi ne ya sa gonoriya ta bijire wa magunguna da dama da a da suke kashe ta, ban da cewa wasunsu ba su dace da mai ciki ba.

Ina maigidan?

A layin awo mata ne zalla. Mace ce ake tsira wa allura a yatsa, ita ake kira gefe a faɗa wa sakamako, ita za ta koma gida da maganar a cikinta tana tunanin yadda za ta fara. Da yawa ba sa faɗa. Suna tsoron a ce su suka kawo, suna tsoron takardar saki, suna tsoron gorin kishiya da na dangin miji. Akwai masu ɓoye kwalbar magani a cikin kwalla ko a gidan maƙwabciya, akwai masu daina sha idan maigida yana gari. Najeriya tana da dokar hana nuna wa masu ƙanjamau bambanci tun 2014, amma doka ba ta shiga ɗakin aure.

A likitance kuwa, yi wa mace magani a bar mijinta aikin banza ne. Wadda aka yi wa allurar tunjere a wata na huɗu za ta iya sake ɗauka a wata na shida, jaririn ya koma cikin haɗarin da aka fitar da shi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, cutar tana zagayawa da kwana, don haka maganin na kowa da kowa ne, a lokaci ɗaya. Kuma tunda tunjere da ƙanjamau suna iya kwanciya shekaru, a al'ummar da ake yawan saki da sake aure ba wanda zai iya rantsuwa ta wace ƙofa cutar ta shigo. Neman mai laifi ɓata lokaci ne da ya kamata a kashe wajen neman allura.

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Mataki ne mai kyau. Sai dai gwajin ranar aure hoton ranar ne kawai. Ba ya faɗin abin da zai faru bayan shekara biyar, ko bayan an ƙaro amarya, ko bayan doguwar tafiyar fatauci. Shi ya sa ake so a gwada mace a kowane ciki, ba na fari kaɗai ba, a kuma maimaita a watannin ƙarshe inda hali ya yi.

Wasu asibitoci sun samo dabaru. Akwai masu ba mace takardar gayyata ta kai wa miji, wadda ba ta ambaci wata cuta ba, sai dai ta ce ana son ganinsa kan lafiyar abin da ke cikin matarsa. Idan ya zo a gwada su tare, a faɗa musu sakamako tare, ma'aikaci yana tsakani. Akwai masu shigar da ma'aurata gaban layi idan sun zo tare. Akwai kuma tsarin uwaye masu ja-gora, wanda ƙungiyar mothers2mothers ta fara a Kef Tawun a 2001 kuma ya bazu har Najeriya: mace mai ɗauke da ƙanjamau wadda ta haifi 'ya'yanta lafiya ita ake ɗauka aiki ta zauna da sabuwar da aka gano, ta nuna mata yadda ake shan magani, ta raka ta wajen faɗa wa miji, ta bi ta har gida idan ta daina zuwa. Irin waɗannan ma'aikata da yawansu da kuɗin agajin waje ake biyan su, kuma suna cikin waɗanda aikinsu ya fara tsayawa lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025. Ɗaukar albashinsu, da sayen tsinken gwaji da allurar benzatin ga kowane ƙaramin asibiti da ake awo, abu ne da kasafin lafiya na jiha zai iya, kuma a kansa ya kamata 'yan majalisar jiha su riƙa tambayar kwamishinonin lafiya.